Ganye mai kumfa na maganin cutar kansa?

Tambaya: Likita barka da aiki. Yayata na fama da kansar nono, wata a unguwarmu Aboabo nan Kumasi ta ce ta riƙa shan ruwan shuwaka wai kumfar nan ce maganin. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya 'yar'uwa. Kumfar da kike gani in kina cuɗa shuwaka, akwai sinadarin saponin a ciki, haka ma waken suya da aduwa. Yana da amfani kam, don na ɓawon wata bishiya daga ƙasar Chile shi ake sa wa a allurar rigakafin maleriya da Gana ta fara yi wa yara a 2019, yana zaburar da garkuwar jiki ta kama aiki sosai. A ɗakin gwaji kuma an ga wasu irinsa na kashe ƙwayoyin kansa cikin kwalba amma fa kwalba daban jikin mutum daban, wanda aka sha hanji ba ya tsotse shi sosai, in kuma ya shiga jini da yawa fasa jajayen ƙwayoyin jini yake.

Ta ci miyar shuwakarta, amma don Allah ki raka ta asibitin Komfo Anokye kada a jinkirta, ku faɗa wa likitan duk jiƙon da take sha.