Malam, duk kwamfutocin shagona kirak ne, ya matsayin kuɗin da nake ci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da ɗan bizines senta a Tudun Wada kusa da Poli, ina buga wa ɗalibai furojet, ina zana katin biki da kalanda, lokacin siyasa kuma fosta. Gaskiya Malam duk abin da ke kan kwamfutocina kirak ne, wato manhajar da aka fasa ba lasisi, Windows, Office, CorelDRAW har Photoshop, ko sisi ban biya ba. Kuma mutane na kawo min lafto in yi musu fomatin in zuba musu, su ba ni dubu biyu ko uku. Toh akwai abokina ɗan Linux, wato manhajar kyauta da ake sawa a madadin Windows, da ya sa ni gaba wai ni ɓarawo ne mai sallah a sahun farko, wani a majalisarmu yace ai kamfanonin ba na musulmi ba ne don haka ganima ce, wani kuma yace ilimi ba a ɓoye shi balle a sayar. Malam da kuɗin nan na yi aure, da shi nake cefane. Ina mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa nema albarka ɗan'uwa, kuma ka kyauta da ka tambaya, don da yawa sun gwammace kar su tambaya saboda kar su ji amsa.

Bari in fara tona kaina kafin in tona ka. Kwanakin baya an gayyace ni lacca a Unguwar Rimi, maudu'in ma amana ne, aka jona laftona da majigi, ina cikin bayani na ga samari a baya suna ta murmushi suna nuna bango, ashe can ƙasa gefen dama ga rubutu ɓaro-ɓaro yana cewa Windows ɗina ba ta da lasisi. Yaron da ya yi min fomatin ya ce min ya saka "orijinal". Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Tun ranar na zauna na bi mas'alar nan da kyau, don haka amsar da zan ba ka na fara ba wa kaina ita.

Tushen rigimar shi ne, abin da ba a taɓa shi da hannu yana zama dukiya ko ba ya zama? In ka ɗauki buhun masara a Kasuwar Bacci mai shi ya rasa buhu, amma in ka kwafi manhaja a falasha ta mai ita na nan ba ta ragu ba, shi ya sa mutane ke jin kamar ba a cuci kowa ba. Magabatan Hanafiyya sun tafi a kan cewa dukiya ita ce abu mai jiki da za a iya ajiyewa, shi ya sa aka samu wasu malamansu na baya-bayan nan, irin su Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, da ba su yarda da haƙƙin mallakar rubutu ba, suka ce wanda ya sayi littafi ya mallake shi, ya yi abin da ya ga dama da shi. Wannan magana ce ta ilimi, ba a raina ta. Amma jumhur, har da Malikiyyarmu, suna ɗaukar amfani shi ma dukiya ne, in ba haka ba da hayar gida da ladan ɗinki ba su da gurbi. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba 1988 ta fitar da ƙuduri mai lamba 43, ta ce sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira duk haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar kuɗi a al'adar yau, shari'a ta kare su, bai halatta a yi musu ta'addanci ba. Lajnar fatawa ta Saudiyya ma da aka tambaye ta kan kwafar manhajar da masu ita suka hana, cewa ta yi bai halatta ba sai da izininsu. Ni nan na tsaya, kuma shi nake ganin ya fi ƙarfi.

Dalili kuwa, Allah yace a farkon Suratul Ma'ida ku cika alƙawura, Annabi (SAW) yace musulmi suna kan sharuɗɗansu, yace kuma dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa. Kai da kanka duk sanda za ka zuba manhaja akwai dogon rubutun nan da ba wanda ke karantawa, ka gangara ƙasa ka danna "na yarda". Toh ka yarda ɗin. Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Kirak ma ya wuce nan, shi kwaɗo ne aka sa wa ƙofa wani ya ƙera makullin jabu.

Akwai wani bambanci mai daɗi da Imam Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya yi tsakanin mallakar amfani da kuma izinin amfana. Wanda ya kama hayar shago ya mallaki amfaninsa, yana iya sa wani a ciki. Amma ɗalibin da aka ba ɗaki a makarantar wakafi izinin kwana kawai aka ba shi, ba zai sa ɗakin haya ba. Lasisin yawancin manhajojin nan ya fi kama da na biyun, ba a sayar maka da Windows ba, izinin aiki da ita aka sayar maka a kan na'ura kaza. Ka ga ko wanda ya biya ma bai da ikon rabawa, ina ga wanda bai biya ba.

Shi kuma mai ganima, a gaishe shi, a tambaye shi wane yaƙi ya je, a ƙarƙashin tutar wa, kuma ina khumusin? Ganima ba a samunta a kan benci da data ta naira ɗari biyar. Annabi (SAW) da zai yi hijira Sayyidina Ali ya bari a Makka ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu, mutanen da ke neman ransa a daren. Mugira ɗan Shu'uba kafin ya musulunta ya yaudari abokan tafiyarsa ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, da ya zo Annabi yace musuluncin na karɓa, dukiyar kuwa babu ruwana da ita, yana nan cikin Bukhari. Balle mu da muke zaman amana da ciniki da mutanen nan, kuma cikin ma'aikatan kamfanonin akwai musulmi birjik. Wannan maganar ba na son a riƙa yinta ko da wasa, musamman a garin nan namu da muka san abin da irin wannan tunanin ke jawowa.

Mai maganar ɓoye ilimi shi hadisinsa gaskiya ne, wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye za a sa masa linzamin wuta. Sai dai CorelDRAW kayan aiki ne kamar keken ɗinki, ba ilimin da ya wajaba a sanar ba ne, ba wanda ya hana ka koyon zane. In za mu bi ƙiyasinsa sai mu shiga shagon littattafai a Kasuwar Gumi mu kwashi Risala da Iziyya mu ce ilimi ne.

Yanzu abokinka ɗan Linux. Ya yi gaskiya rabi, ya zarce rabi. Sata a fiƙihu tana da ma'ana ƙayyadajja, ɗauke dukiya a ɓoye daga ma'ajiyarta har ta kai nisabi, kuma haddi ana tunkuɗe shi da shubuha, ga shi nan kuwa saɓanin malamai kansa shubuha ne. Don haka ba za a kira ka ɓarawo da ma'anar haddi ba, hannunka na nan lafiya. Sunan abin shi ne ta'adi a kan haƙƙin wani da saɓa sharaɗi, zunubi ne da ake tuba daga gare shi, kuma hukuma na da ikon ladabtarwa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta haɗa da manhajar kwamfuta, rashin ganin an kama kowa a layinku ba ya nufin babu ita.

Kuɗin shagonka kuwa kala biyu ne, kar ka cakuɗa su. Na buga furojet da zanen kati ladan guminka ne da basirarka da takardarka da man janaretonka, halal ne in sha Allah, laifin yana kan kayan aikin, kamar wanda ya yanka ragonsa da wuƙar da ya ƙwace, jumhur sun ce naman ya ci, amma zunubin wuƙa na wuyansa sai ya mayar. Aurenka lafiya lau, sadakin ya inganta, kar shaiɗan ya sa ka fara yi wa uwargida kallon kirak. Amma dubu biyun nan da ake ba ka takanas don ka zuba wa mutum kirak, wannan ladan aikin haram ɗin ne kansa, shi kam ka daina daga yau. In kuma kana ce wa kwastoma orijinal ne kamar yadda aka yi min, ka haɗa da algus, wanda ya yi mana algus kuwa ba ya cikinmu. Ka karɓi kuɗin fomatin da gyara, wannan sana'a ce mai kyau, amma abin da za ka zuba ya zama mai izini. Abin da ya wuce cikin rashin sani ka yi istigfari, in ka iya kintata adadinsa ka fitar da sadaka gwargwadon hali, ba sai ka sayar da firinta ba.

Na san za ka ce Malam tsada. Wallahi na sani, kuma ba zan wanke kamfanonin ba. Tun 2013 Adobe ta daina fitar da sabon Photoshop na saye gaba ɗaya ta koma kuɗin wata-wata, ka biya har ka mutu ba ka mallaka ba, kuma da dala, dalar da ta haura naira 1,500 a 2024. Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi, wato tokumbon da muke lallaɓawa an yi musu ritayar dole. Wannan kwaɗayi ne, ina faɗa. Amma tsadar kaya ba ta halatta ɗauka, sai in an kai ga larura, kuma larura ana auna ta da gwargwadonta. Ɗalibin injiniya da aka wajabta masa wata manhaja a kwas, babu madadinta, babu kuɗin, bai sami ta ɗalibai ta kyauta ba, ina fatan yana da sauƙi in ya tsaya kan karatunsa bai sayar ba bai raba ba, akwai malaman da suka sassauta a amfanin kai irin wannan. Kai kuwa kasuwanci kake yi da ita, kuma madadi na nan, a nan hujjar larura ke yin rauni.

Madadin shi ne abin da abokinka ke ta wa'azinsa, duk da ƴan Linux in suka fara ba sa sauka, sun fi mai maganin basir naci a tashar Kawo. Wani Ba'amurke Richard Stallman ya fara aikin GNU na manhajar da kowa ke da ƴancin kwafa a 1983, a 1989 ya fito da lasisin GPL, sai wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya saki Linux a 1991, yau wayar Android da ke aljihunka a kanta aka gina ta. Masu waɗannan manhajoji sun ce ka ɗauka, ka yi aiki, ka kwafa, ka gyara, ka raba, ka ma caji kuɗi in ka so. Ni abin yana tuna min da wakafi, kamar rijiyar da aka haƙa a bakin hanya, duk da a fiƙihu ya fi kusa da halattawa bisa sharaɗi tunda masu shi ba su saki mallakarsu ba. Kuma a lura, sharaɗin nan shi ma yana ɗaure mutum kamar wancan, malamai na cewa sharaɗin mai wakafi kamar nassi ne. GPL ta ce in ka gyara ka raba wa jama'a, dole ka ba da asalin rubutun manhajar a kan lasisi iri ɗaya, kuma kar ka goge sunan masu aikin. Yaran da ke ɗauko manhajar kyauta su canza mata launi da suna su kai wa ƴan siyasa wai su suka ƙirƙira, wannan ya fi kirak muni a wurina, don an haɗa cin amana da ƙarya.

A aikace ga yadda nake ba ka shawara. Ka fara duba laftocin da ake kawo maka, da yawan tokumbo tun zamanin Windows 8 lasisinsu na manne a cikin na'urar, in ka sauko da Windows daga shafin Microsoft ka zuba irin wadda ta zo da ita, da ta hau intanet za ta kunna kanta, ashe wani kirak ɗin ma wahalar banza kuke sha, tawa haka ta kasance da ɗana ya duba. Buga takardu LibreOffice ta isa, ta buɗe fayil ɗin Word, sai dai ka duba teburi da lambar shafi kafin ka buga wa ɗalibi don wani lokaci suna gocewa. Hoto akwai GIMP da Krita, zane akwai Inkscape. Ba zan rufe ka ba, masu aikin ɗab'i sun gaya min Inkscape na ba su wahala wajen launin da injin buga fosta ke so, kuma fayil ɗin Corel ba kullum yake buɗuwa daidai ba. Toh in Corel ce uwar shagon, ita ɗaya ka sa a gaba, ka yi adashi ka sayi lasisinta a kan kwamfuta ɗaya, lokacin fosta in ya zo aiki biyu zuwa uku na iya rage maka nauyin. Ba na ce ka goge komai daren yau ka wayi gari ba abin cefane ba, ka sa wa kanka wa'adi na gaskiya, wata uku ko shida, kana tafiya kana ragewa, niyyar fita tana tare da kai.

Sannan ka sani wanda ya fasa manhajar ya ɗora a intanet ba don Allah ya yi ba, banza ba ta kai zomo kasuwa, shi ya sa umarnin farko da yake ba ka shi ne ka kashe antibairos. Cikin irin waɗannan fayilolin ake cusa abin da ke kwashe lambobin sirri, kai kuma mutane na shigar da BVN da NIN ɗinsu a kwamfutarka, suna cike JAMB, amanarsu ce a hannunka, in aka kwashe ta wannan ƙofar da saninka akwai tambaya a kanka.

Karatuttukana da ake turawa a waya kuwa, tunda na san wani zai tambaya, na yafe, a kwafa a raba, sharaɗina ɗaya kar a yanke magana a tsakiya a sa mata kiɗa a TikTok.

Wallahu a'alam.