Tambaya da Amsa: Ina Ruwan Coci da Dokar Gasa a Kasuwa?

Tambaya: Malam, na sha jin limaman coci suna sukar shugabannin ƙasa kan barin manyan kamfanoni su yi kaka-gida a kasuwa. Shin wannan ba shiga sharo ba shanu ba ne?

Amsa: Tsawata wa kamfanoni aikin hukuma ne, domin majalisa ce ke yin doka, shugaban ƙasa ya sa hannu, sannan ya naɗa masu aiwatar da ita. Misali, Amurka ta kafa dokar Sherman, mai hana kamfanoni yin kaka-gida a kasuwa, a 1890, kuma da ita Kotun Ƙoli ta ba da umarnin raba kamfanin mai na Standard Oil a 1911, ya zama kamfanoni 34. Coci ba ta da irin wannan iko.

Sai dai bakinta a harkar tattalin arziki ba sabon abu ba ne. A 1891 Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa kan haƙƙin ma'aikata, a 1931 kuma Paparoma Pius na 11 ya yi gargaɗin cewa gasar da ba ta da linzami takan ƙare da tara dukiya da iko a hannun mutane ƙalilan. A ganina, idan 'yan kasuwa suka haɗa baki suka tsawwala farashi, limami na da damar magana, tun da mabiyansa ne ke ji a jikinsu. Inda nake ja da baya shi ne idan ya koma kare wani kamfani saboda mai shi yana yi wa cocin hidima, ko ya nemi shugaban ƙasa ya dakatar da binciken da hukumar kula da gasa ta fara.