Ki ajiye New Spring tukuna, kuma kada ki tsallake na huɗu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya da dare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa don ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce kawunki ya bar miki kwalin littattafan The Wheel of Time na Robert Jordan, kin duba intanet kin ga an sa wa New Spring lambar sifili a gaban sauran, kina tambaya ko da shi za ki fara. Kin kuma ce na huɗu ba ya cikin kwalin, ko za ki iya wucewa na biyar kai tsaye.

Ki fara da The Eye of the World, wanda ya fito a 1990, ki bi su yadda marubucin ya fitar da su. Na karanta jerin nan daga farko har ƙarshe, mafi yawansa a lokacin dogon yajin aikin malaman jami'a na 2022, ina nan Bauchi ina jiran a koma aji, kuma na sake bin wasu daga baya. Duk wanda na ba shawarar nan bai dawo ya ce na cuce shi ba.

Gaskiya ne abin da ya faru a New Spring ya riga na littafin farko da kimanin shekara 20, shi ya sa masu jera su bisa tarihin labarin suke kai shi gaba. Amma ba a lokacin aka rubuta shi ba. Ya fara fitowa a matsayin gajeren labari a 1998, sannan aka faɗaɗa shi ya zama littafi a 2004, bayan na goma ya riga ya shiga hannun mutane. Wato Jordan ya rubuta shi ne don mai karatun da ya shekara goma sha wani abu yana tare da waɗannan mutane, ya san su, yana da tambayoyi a ransa game da su. Ke kuwa ba ki da tambayar ko ɗaya tukuna. Kamar a faɗa miki amsar kacici-kacici ne kafin a jefo miki shi.

Ga inda abin yake da ciwo. A farkon littafi na ɗaya, wata baƙuwa mai suna Moiraine ta iso wani ƙauye da ke can gefen duniya, tare da wani jarumi mara yawan magana, Lan. Ba a daɗe ba masifa ta afka wa ƙauyen, ta ce wa samari uku, Rand da Mat da Perrin, dole su bi ta su bar gida. Su kuma tun suna yara suke jin cewa matan ƙungiyarta ba sa ƙarya, amma gaskiyar da suke faɗa ba lalle ita ce wadda ka ɗauka ka ji ba. Don haka suna bin ta ne suna tsoronta. Mai karatu ma haka, shafi bayan shafi kina tambayar kanki, matar nan ceton yaran take yi ko amfani take yi da su? Wannan zullumin shi ne gishirin littattafan farko. New Spring kuwa labarin ƙuruciyar Moiraine ne, daga cikin zuciyarta aka ba da shi, har da abin da ya fitar da ita yawo da yadda ta haɗu da Lan. Idan kika riga kika karanta shi, za ki shiga ƙauyen nan kin fi yaran sanin komai, kina kallon tsoronsu kina ganin wauta ce. An raba ki da abin da ba zai dawo ba, don karatun farko sau ɗaya ake yin sa.

Kada lambar da ke jikin bango ko wani jeri na intanet ta ruɗe ki, sau da yawa ba marubuci ne ya sa ta ba. Littattafan Narnia guda 7 sun fito tsakanin 1950 da 1956, amma a 1994 kamfanin da ke buga su ya sake musu lamba, wanda ya fito a 1955 ya koma na ɗaya, kuma har yau masu karatu ba su daina musu a kai ba. Abin da nake yi da kowane dogon jeri shi ne in buɗe shafin da ke bayan sunan littafi in duba shekarar bugun farko.

To yaushe za ki ɗauko shi? Ni na fi son bayan na goma, kuma ina da dalilin da ya wuce bin shekara. Daga wajen na takwas zuwa na goma labarin yana jan ƙafa sosai. Mutane sun yi yawa, kowa da garinsa da rigimarsa, har akwai littafin da guda cikin samarin uku ya ɓace a cikinsa, ba za ki gan shi ba ko sau ɗaya. Na goman ma, babban ɓangarensa komawa baya yake yi yana nuna inda sauran mutane suke lokacin da abin da ya rufe na tara ya faru. A nan ne da yawa suke ajiyewa, kuma ina jin takaicin haka, don na sha ɗaya, Knife of Dreams na 2005, ya dawo da ƙarfinsa. New Spring gajere ne, mutanensa kaɗan, labarinsa a miƙe. Ya fi amfani a wannan gaɓar, ki huta da shi sannan ki ci gaba. In gajiyar ta riske ki tun a na takwas, ki ɗauko shi a lokacin, babu abin da zai ɓaci.

Batun tsallake na huɗu kuwa, a'a ƙanwata, kada ki soma. Wannan ba irin Magana Jari Ce ba ne, da za ki buɗe ko'ina ki tsinci labari cikakke ki karanta ki rufe. Ko shi ɗin ma, wanda bai fara daga na ɗaya ba ba zai gane yadda aku ya kai ga zama waziri ba. Nan labari ɗaya ne tak aka yanka shi gida 14, irin littattafan yaƙin nan namu da ake saya na ɗaya da na biyu da na uku, sai dai wannan ya haura kalma miliyan 4. Kuma The Shadow Rising na 1992, wanda kika rasa, a wurina shi ne mafi kyau a cikinsu duka. A cikinsa aka bayyana asalin mutanen hamada da ake kira Aiel, a wasu babi biyu da na karanta na koma na sake karantawa a zama ɗaya. Na biyar a kan wannan aka gina shi gaba ɗaya.

Ki duba kwalin da kyau kuma. An taɓa raba littafi na ɗaya gida biyu don matasa, da sunayen From the Two Rivers da To the Blight, kuma irin waɗannan suna yawo a cikin littattafan gwanjo. In kin gan su, ba ƙarin labari ba ne. Ukun ƙarshe za ki ga sunan Brandon Sanderson tare da na Jordan. Jordan ya rasu a 2007 bai kammala ba, ya bar rubuce-rubuce da bayanin yadda labarin zai ƙare, matarsa wadda ita ce editarsa ta zaɓi Sanderson, aka fitar da su a 2009 da 2010 da 2013. Za ki ji salon ya ɗan canza, musamman a maganar Mat, amma ƙarshen ya biya wahalar.

Kusan kowane littafi yana da ƙaramin ƙamus na sunaye a bayansa. Ki tsaya a na wanda ke hannunki, kada ki leƙa na gaba. Kada kuma ki rubuta sunan kowa a Google, don layin farko zai iya gaya miki wanda ya mutu da wanda ya ci amana. Fim ɗin da aka fara nunawa a 2021 ma ki bari sai kin yi nisa, sun sauya abubuwa da yawa. Gabatarwar littafin farko za ta ruɗa ki, kowa ta ruɗa, ki wuce kawai, za ki gane ta daga baya. Za ki kuma ci karo da batun mutum ya mutu a sake haifarsa a wani zamani, wanda ba aƙidarmu ba ce. Ni a mazaunin tatsuniya na ajiye shi, na ci gaba da karatuna.

Ina da na huɗun a gida, bangonsa ya ɗan yage amma shafukan cikakku ne. Ki fara na ɗaya yanzu. Idan kin kai tsakiyar na uku ki yi min magana ta akwatin saƙo, in kai shi tasha in ba direban motar Gombe, ki tura wani ya karɓo miki. In kin gama sai ki dawo min da shi, akwai wata ɗalibata da ke layi.