Kundin Poison na 1996: inda ya yi daɗi da inda ya gaza

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kundin Greatest Hits 1986–1996 na Poison, ƙungiyar kiɗan rock ta Amurka, ya ishi mai son sanin kiɗansu, ko kuwa sai ya bi faifansu ɗaya bayan ɗaya. Ya isa a fara da shi, amma kada ka saurare shi a jerin da kamfanin Capitol ya yi masa, domin a nan babbar matsalarsa take.

Waƙoƙi 18 ne a ciki. Biyar daga faifansu na farko na 1986, huɗu daga na 1988, biyar daga Flesh & Blood na 1990, ɗaya daga faifan wasan dandali na 1991, ɗaya daga Native Tongue na 1993, sai sababbi biyu a ƙarshe. Ka ga 14 daga ciki na shekaru biyar ɗin farko ne, zamanin da salon da ake kira hair metal, na masu tayar da gashi da feshi, yake tashe a Los Anjelis.

Faifan farko cikin kwana 12 aka naɗe shi, da ɗan kuɗi kaɗan. Gangunan Rikki Rockett ba su da nauyi, jitar C.C. DeVille kuma ƙara ta fi kauri yawa. Na 1990 kuwa Bruce Fairbairn ne ya tsara sautinsa, wanda ya yi wa Bon Jovi da Aerosmith aiki, kowane amo ya zauna daram a wurinsa. To sai kundin ya sa "Talk Dirty to Me" ta 1986 a ta biyu, "Unskinny Bop" ta 1990 a ta uku. Daga busasshen sauti ka faɗa cikin mai maiƙo, can kuma a mayar da kai baya. Kunne yana gajiya, har ka ɗauka tsofaffin waƙoƙin ba su da kyau, alhali maƙwabtansu ne suka danne su.

Inda kundin ya yi armashi ba a gardama. "Every Rose Has Its Thorn" ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da ke tashe a Amurka a watan Disamba na 1988, ta yi mako uku a can. Ka lura da yadda ta fara da jitar katako da muryar Bret Michaels kawai, ganga ba ta shigo ba sai daga baya. Wannan haƙurin shi ya gina ta. "Something to Believe In", mai fiyano, ta kai lamba huɗu, kuma a ganina ita ce mafi ma'ana a duk abin da suka rubuta. "Ride the Wind" ma kada ka tsallake ta.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda aka yi wa Richie Kotzen rowa. Shi ya gaji DeVille bayan rabuwarsa da ƙungiyar a 1991, ya kawo jita mai ɗanɗanon salon kiɗan blues, amma "Stand" kaɗai aka ɗauko daga aikinsa, aka bar "Until You Suffer Some" a waje. Ita ma "Stand" ɗin, mai amshin mawaƙan coci, an cusa ta a ta bakwai, tsakanin waƙar 1986 da ta 1990, ta zama baƙuwa a gidansu. Ga kuma "Your Mama Don't Dance" ta ci wuri, alhali aro ce, ta mawaƙa Loggins da Messina ce tun 1972. Biyun ƙarshe da Blues Saraceno ya kaɗa wa jita an ciro su ne daga faifan Crack a Smile, wanda kamfanin ya jingine bai fitar ba sai 2000. Ba su kai na gabansu ba.

Gyaran ba wuya. Ka haɗa jerinka a waya bisa shekaru: na 1986 a gaba, sai na 1988, sai na 1990, sannan "So Tell Me Why" ta 1991 da "Stand". Biyun Saraceno ka ware su gefe. Ka kunna daidaita ƙarar sauti a manhajar, don kada ka yi ta murɗa ƙara tsakanin waƙa da waƙa. Kuma ka sani wasu baitocin, musamman na faifan farko, akwai batsa, ba na kunnawa a falo gaban yara ba ne. In jitar Kotzen ta kama ka, nemi Native Tongue gaba ɗayansa, shi ne faifan da kundin nan bai wakilta ba.