Turbo mai fikafikai masu motsi a haɗin turbo biyu: ina ya kamata ya zauna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mota mai injin dizal Cummins 6.7, da turbonta na asali Holset HE351VE, irin mai sauya faɗin hanyar hayaƙi. Ina jan kaya masu nauyi, kuma ina so in ƙara babban turbo su yi aiki tare. Wani ya ce in cire na asalin in sa mara motsi, wani ya ce in bar shi. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka bar shi, amma ya zama shi ne ƙaramin, wanda ke manne da inji.

A irin wannan haɗi, iska na fara shiga babban turbo, ya matse ta ya miƙa wa ƙarami, shi kuma ya ƙara matse ta. Hayaƙi kuwa akasin haka yake bi: ƙarami tukuna, sannan babba. Matsin ninkawa yake yi, ba tarawa ba. Idan babba ya ninka matsin iskar waje sau 2.5, ƙarami ya ninka sau 2, ka kai bar 5 ke nan a ma'aunin matsi, agogonka zai nuna bar 4 domin ba ya ƙirga matsin iskar waje, kusan psi 58, alhali babu wanda ya galabaita a cikinsu.

Aikin ƙarami shi ne ya tashi da wuri tun inji na ƙasa, kuma nan ne VGT, wato turbo mai sauya faɗin hanyar hayaƙi irin naka, ya fi kowa. Idan ya tsuke hanya sai hayaƙi ya ƙara gudu, farfela ta ɗauka nan take. Inji na hawa sai ya buɗe. Ford ma haka ta tsara Power Stroke 6.4 na 2008 zuwa 2010: ƙarami mai motsi, babba mara motsi, duka na BorgWarner. Ga mai jan kaya akwai wata riba da ba zan so ka yar ba, wato burkin hayaƙi da wannan turbo ke ba ka a gangara.

Sa VGT a gurbin babba kuwa ban ga amfaninsa ba. Da zarar ya tsuke, matsi zai taru a bututun da ke tsakaninsu, wato bayan farfelar ƙarami, sai ƙaramin ya rasa inda zai fitar da hayaƙinsa, ya yi sanyi daidai lokacin da kake neman ƙarfinsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne matsin hayaƙi kafin ya shiga turbo. Babba na kamawa, iskar da inji ke sha ta ƙaru sosai, hayaƙi ma haka, kuma dole duk ya bi ta maƙogwaron ƙarami. Kwamfutar injin kuwa an tsara ta ne a kan turbo ɗaya. Ba ta san an yi wa gidan kishiya ba. Tana iya riƙe hanyar a tsuke lokacin da ya kamata ta sake ta gaba ɗaya. Sakamakon shi ne matsin hayaƙi ya zarce na iskar shiga nesa ba kusa ba, zafi ya hau, ƙarami ya yi gudun da ya wuce kima, gaskit ɗin kan silinda ya ba da kai. Na ga injin da agogon iskarsa ke nuna adadi mai faranta rai, mai shi na murna, ashe a ciki shaƙewa yake yi. Wannan abu yana damuna, domin agogo ɗaya ne kawai da an sa da an gano.

Don haka a sake rubuta tsarin kwamfutar, ta riƙa buɗe hanya da zarar babba ya karɓi aiki. Ka sa agogon matsin hayaƙi, da na matsin iska tsakanin turbo biyun, da na zafin hayaƙi. Abin nema shi ne matsin hayaƙi da na iska su yi kusan kunnen doki. Idan na hayaƙi ya doshi ninki biyu, akwai matsala. Zafi kuma kada ya daɗe sama da digiri 700 na Salsiyos a doguwar hawa. Idan VGT ya buɗe iyakarsa matsin bai sauka ba, sai a ƙara bawul ɗin kewaye da zai ɗebi hayaƙi kafin ƙarami ya kai shi ga babba kai tsaye, ba ya zubar da shi waje ba.

Kada kwaɗayi ya sa ka zaɓi babban da ya wuce ƙarfin injinka. Ga jan kaya, matsakaici ya fi. Ka canza kusoshin kan silinda zuwa masu ƙarfi, ka duba intakula, wato na'urar sanyaya iskar shiga inji, da robobinta ko za su iya ɗaukar matsin. Kafin komai kuma, a kwance HE351VE ɗin a duba shi. Zoben da ke zamewa a cikinsa yakan cije saboda baƙin hayaƙi, musamman a motar da ake yawan barinta a kunne a tsaye, kuma in ya cije a tsuke da babban turbo a bayansa, gaskit ne zai fara biya.