Amsa ga Hauwa'u a kan ƙibar amarya

Hauwa'u, ɗiyata, saƙonki ya iso ni. Kin ce ƙawayen mamanki sun dame ki da cewa kin rame, wai amarya ba ta shiga ɗaki sai ta yi ɓul-ɓul, har wata ta kawo miki ƙwayar "sha ka fashe". Kina tambaya ko da gaske al'adarmu ce.

Al'ada ce, amma ba haka take ba. A da idan biki ya matso, hutar da yarinya ake yi. A ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, a dama mata kunun gyaɗa, a ba ta fura da nono da farfesun kaza, jikinta ya murje. Mutanen da suka san yunwar bazara dole su ɗauki ƙiba alamar wadata, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai yarinyar wancan lokacin tana fita lalle take komawa turmi. Ke kuwa a ofis kike zaune daga safe har la'asar, mota ta kai ki ta dawo da ke.

Abin da na koya a shekarun da na yi ina aikin jinya a nan Jos shi ne, inda kitse ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. Kin sha ganin fiɗar ragon layya: akwai kitsen da ke ƙarƙashin fata, akwai kuma farin nan da ya naɗe hanji. To haka jikin mutum yake. Na cinya da mazaunai bai cika ɓarna ba. Na cikin ciki shi ne mugu, don jinin da ke ratsa shi hanta yake nufa kai tsaye, ya tara mata maiƙo, jiki ya daina jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, daga nan sai ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya su biyo baya.

Ba yau aka gano haka ba. Tun 1947 wani likita a Faransa, Jean Vague, ya lura cewa masu ƙibar ciki sun fi masu ƙibar ƙasa kamuwa da waɗannan cututtuka. A 2005 kuma binciken INTERHEART, wanda ya shafi mutum kusan 27,000 a ƙasashe 52, ya nuna cewa gwada faɗin ƙugu da na kwankwaso ya fi lissafin nauyi da tsayi nuna wanda ke cikin haɗarin bugun zuciya. Shi ya sa sikeli kaɗai ba ya gamsar da ni. Na ga siraran mutane masu ɗan tumbi da sugansu ya hau.

Awon ba wuya. Ki ari tef ɗin tela, ki tsaya a miƙe, ki laluba ƙarshen haƙarƙarinki da saman ƙashin kwankwaso, ki zagaya tef a tsakiyarsu bayan kin saki numfashi, kada ki tsuke ciki. Ga mace, daga santimita 80 ake fara taka tsantsan, 88 kuwa haɗari ya yi yawa. Ga namiji 94 da 102 ne. A jikin Turawa aka fitar da waɗannan alƙaluma, don haka na fi son ƙa'idar nan mai sauƙi: kada ƙugu ya kai rabin tsayin mutum. Angon naki ma a auna shi, don maza sun fi tara irin wannan kitsen, ana kiransu Alhaji suna jin daɗi.

Ƙwayar nan ita ta fi tayar mini da hankali. Yawanci akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira dexamethasone a irin haɗin da ake sayarwa, kuma aikinsa ke nan: ya kumbura fuska, ya tura kitse ciki, ya rage naman hannu da ƙafa, ya ɗaga suga da jini, ya raunana ƙashi. Wato ainihin ƙibar da likitoci ke gudu ita ake saya da kuɗi. Idan ba ki fara sha ba, kada ki taɓa. Idan kin kwana biyu kina sha, kada ki yanke farat ɗaya, yin hakan ma haɗari ne. Ki je asibiti da kwalin a rage miki a hankali.

Kunu da farfesu ki sha abinki, ki ƙara da gwaten acca, ki yi barci sosai. Su kuma ƙawayen mamanki kada ki yi musu da su, manyanki ne. Ki ce Gwaggo ta hana, ranar Juma'a zan zo in yi magana da mamanki da kaina.