Aikin jinya da kula da tsofaffi a Ingila: yadda yaranmu ke shiga

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske 'ya'yan Hausawa a Ingila wankan tsofaffi suke yi, kuma ko ƙanwarka za ta iya zuwa ta samu irin aikin. Ta farko gaskiya ce, kuma a wurinmu ba abin kunya ba ne. A nan idan ƙarfin tsoho ya ƙare, ko dai a kai shi gidan kula da tsofaffi, ko a riƙa turo masa mai kula har gida. Aikin shi ne wanka, canza kaya, ciyarwa, juya marar lafiya a gado kada gyambon kwanciya ya kama shi, da rubuta abin da ya ci ya sha. Sau da yawa awa 12 ne a tsaye.

Ba a neman digiri kafin a fara. Za a yi wa yaro binciken DBS a ga ko yana da tabon laifi, sannan a makonnin farko ya yi horon Care Certificate, wanda aka fito da shi a 2015. Masu wayo ba sa tsayawa a wannan matakin. Wanda ya ci Turanci da lissafi da maki 4 a GCSE, jarrabawar kammala sakandare ta nan, yana iya shiga asibitin gwamnati na NHS a matsayin mai taimaka wa nas, matakin albashi na 2 ko na 3. Karatun shekara 2 yana kai shi mataki na 4, cikakken nas kuma daga na 5 yake farawa. Digirin nas shekara 3 ne a jami'a. Akwai kuma hanyar koyo a bakin aiki, wajen shekara 4, ana biyanka albashi, ba bashin makaranta. Iyaye da yawa likita kawai suka sani, alhali ga unguwarzoma, ga masu ɗaukar hoton ƙashi, ga ma'aikatan motar asibiti.

Inda 'yan matanmu suka fi cijewa shi ne sutura. Hijabi ba matsala, amma a wurin marar lafiya dole hannu ya zama a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, saboda hannun riga yana kwasar ƙwayoyin cuta. Wasu asibitoci suna ba da hannun riga na roba da ake yarwa. Kula da namiji ma yana cikin aikin, gara a san da wannan tun a ganawar ɗaukar aiki. Juma'a kuwa musayar lokacin aiki ake yi da abokin aiki.

Batun ƙanwarka, a yi hattara. A 2022 aka buɗe bizar masu kula, a Maris 2024 aka hana su zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko su daga waje. Duk dillalin da ya ce a kawo miliyoyi zai samo mata takardar ɗaukar nauyi, wadda mai ba da aiki ke bayarwa don neman biza, ɗan damfara ne. Doka ma ta hana a caji ma'aikaci kuɗin takardar. Idan nas ce mai rajista, ƙofarta daban: ta ci jarrabawar Turanci ta IELTS da maki 7 ko ta OET, ta yi jarrabawar kwamfuta ta hukumar rajistar nas ta NMC tun tana gida, sannan jarrabawar gwaji a aikace ta OSCE a nan. Najeriya na cikin ƙasashen da aka hana asibitoci zuwa farautar ma'aikata, don haka ita da kanta za ta nemi gurbin kai tsaye.